TUN RAN GINI RAN ZANE: Yadda Ake Wadata Yaro da Kalmomi da Dabara Kafin Ya Shiga Firamare

GABATARWA

A farkon kowace shekarar karatu, malaman aji ɗaya na makarantun firamare da ke Nguru da Gashuwa sukan karɓi yara waɗanda shekarunsu ɗaya, tsawonsu ma kusan ɗaya, amma kafin a yi mako biyu sai bambanci ya bayyana a tsakaninsu. Wani yaron idan aka nuna masa hoton kifi zai ce tarwaɗa ce, ya ƙara da cewa tana da gashin baki kuma jikinta da santsi, har ya tambayi malam ko ita ma tana barci. Wani kuwa sai ya dubi hoton ya sunkuyar da kai. Idan silifa ya tsinke, na farko zai nemi ƙusa ko ɗan zare ya gyara abinsa, na biyu kuwa zai zauna yana kuka har wani ya zo.

Sau da yawa akan yanke hukunci nan take, a ce wannan haziƙi ne, wancan daƙiƙi, haka aka halicce su. Gaskiya ne Allah bai yi bayinsa da baiwa iri ɗaya ba. Amma babban rabo na wannan bambanci ya samo asali ne daga abin da ya gudana a gida cikin shekara biyar da suka gabata, watau yawan maganar da aka yi da yaron, da irin damar da aka ba shi ya gwada abu da hannunsa. Yaron da aka laƙaba wa daƙiƙanci tun a aji ɗaya yakan tsani makaranta, ya soma fashi, daga bisani a cire shi, alhali kuwa ba basira ya rasa ba.

An shirya wannan ɗan littafi domin iyaye da kakanni da malaman ƙananan yara na ƙasar Bade da ƙasar Nguru, a bayyana musu yadda za a rage wannan hasara ba tare da kashe ko kwabo ba.

SHEKARUN DA BA SA DAWOWA

Masana lafiya sun tabbatar cewa kafin yaro ya cika shekara 6, ƙwaƙwalwarsa takan kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. Cikin waɗannan shekaru ne yake koyon magana da saurin da ba zai sake samun irinsa ba. Yawancin yara sukan furta kalmar farko wajen shekara ɗaya. A shekara biyu sukan haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Baba tafi". A shekara uku jimla takan miƙe, a shekara huɗu tambaya takan yi yawa har ta gundiri manya, a shekara biyar kuwa yaro yakan iya ba da labarin abin da ya gani a kasuwa, daga farko zuwa ƙarshe. Wani yakan riga wani da 'yan watanni, wannan ba abin damuwa ba ne.

Abin lura shi ne, kalmomi da tunani tare suke tafiya. Yaron da ya san "babba" da "ƙarami", da "rabi" da "saura", da "kafin" da "bayan", da "idan" da "saboda", ya mallaki kayan aikin da ake tunani da su. Da irin waɗannan kalmomi ne zai iya cewa: idan na sa babban dutse a ƙasa, ginin ba zai faɗi ba. Haka nan kuma a fagen karatu. Ana iya koya wa yaro haɗa baƙi da wasali har ya karanta kalmar "madatsa", amma in bai taɓa jin ta ba, bai san abin da take nufi ba, karatun nan bai amfane shi da kome ba. Saboda haka rumbun kalmomin da yaro ya shigo da shi makaranta shi ne guzurin da zai ci a aji ɗaya da aji biyu.

ƘASA MAI HARSUNA DA YAWA

Arewacin Jihar Yobe, wadda aka ƙirƙiro daga Jihar Borno ran 27 ga Agusta, 1991, mahaɗar al'ummu ce tun da daɗewa. Gashuwa, a bakin kogin Yobe, ita ce fadar Mai Bade. Harshen Bade kuwa ɗan'uwan Hausa ne, dukansu daga dangin harsunan Cadi suka fito, ko da yake mai jin ɗaya ba zai gane ɗayan ba sai ya koya. A Nguru da kewayenta akwai Mangawa, waɗanda harshensu reshen Kanuri ne, akwai Fulani makiyaya, akwai kuma Hausawa. Isowar hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru a 1930 ta jawo fatake da ma'aikata daga sassa dabam-dabam, ta kuma ƙara wa Hausa ƙarfi a matsayin harshen kasuwa.

Sakamakon haka, yaro ɗan shekara biyar a wannan yanki yana iya jin Bade ko Manganci ko Fillanci a ɗakin uwarsa, ya ji Hausa a ƙofar gida, ya ji Larabci a makarantar allo, sa'an nan ya tarar da Turanci a makarantar boko. Wasu iyaye sukan ji tsoro kada harsuna su rikita yaro, har su daina yi masa magana da harshensu na gado, su koma wanda su kansu ba su ƙware a cikinsa ba. Wannan kuskure ne. Binciken masana harshe ya nuna yaro yana iya tashi da harshe biyu ko uku ba tare da wata illa ba, kuma cuɗanya su da yakan yi a farko abu ne mai wucewa. Illar tana zuwa ne idan uwa ta bar harshen da take iya ba da labari da barkwanci a cikinsa, ta taƙaita ga "zo", "tafi", "bari" a cikin wani harshe. Yaron da ya fahimci ma'anar nauyi da zurfi da rabo a harshen Bade, in ya je makaranta suna kawai zai sake wa abin da ya riga ya sani. Wanda bai san su a kowane harshe ba kuwa, aiki biyu ne a gabansa.

Harsunan nan ba su rasa rubutu ba. A shekarar 2004 an buga ƙamus na Bade da Turanci da Hausa, a ƙarƙashin shirin binciken harsunan Yobe wanda Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba suka jagoranta.

ABIN DA HUKUMA TA TSARA

Makarantar ƙananan yara irin ta zamani ta samo asali ne daga Jamus, inda wani malami mai suna Friedrich Froebel ya raɗa wa makarantarsa suna "lambun yara" a 1840. Ra'ayinsa shi ne yaro kamar shuka yake, wasa kuwa shi ne ban-ruwansa. A 1907 wata likita, Maria Montessori, ta buɗe irin wannan makaranta domin 'ya'yan talakawa a birnin Rum na Italiya, inda yara suke koyo ta hanyar taɓa abubuwa da jera su.

A Nijeriya, bayan ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, Gwamnatin Tarayya ta fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977. Wannan manufa ta amince da ilmin share fagen firamare, ta ce a koyar ta hanyar wasa, kuma da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suka fi amfani da shi. A lokacin an bar kafa irin waɗannan makarantu a hannun masu zaman kansu, saboda haka sai 'ya'yan masu hali na birane suka fi cin moriyarsu. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da renon ƙananan yara cikin ilmin tushe, aka soma buɗe azuzuwan share fage a makarantun firamare na gwamnati. Bugun manufar na 2013 ya tsayar da shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, ya kuma ce kada yara su wuce 25 a hannun malami guda.

Game da harshen koyarwa, an daɗe ana muhawara. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har a darasin Turanci. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a dukkan shekarun firamare, amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan tsari da komawa ga Turanci. Ko wane harshe aka tsayar a aji, aikin gida yana nan yadda yake. Hasali ma, idan baƙon harshe ne yaro zai tarar a makaranta, bukatarsa ga ƙaƙƙarfan tushe daga gida ta ƙaru.

ABIN DA BINCIKE YA GANO

A 1995 wasu masana biyu na Amurka, Betty Hart da Todd Risley, sun buga sakamakon bibiyar iyalai 42 da suka yi, inda suka ga yaran da aka fi yi wa magana a gida sun fi yawan kalmomi a shekara uku. Masana na baya sun yi jayayya a kan girman tazarar da aka ambata, sai dai wani bincike na 2018, wanda aka yi da yara 36 'yan shekara 4 zuwa 6, ya ƙara haske. Ya nuna abin da ya fi tasiri shi ne musayar magana, watau babba ya faɗa, yaro ya amsa, babba ya sake mayarwa. Surutun da ke wucewa ta kan yaro ba tare da an sa shi ciki ba, amfaninsa kaɗan ne.

A ƙasar Jamaika, cikin 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 na unguwannin talakawa a birnin Kingston, waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su. Wasu daga cikinsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka ƙera daga tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka sake neman yaran, aka tarar waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100.

Misali mafi kusa ya zo daga ƙauyukan Wolof na ƙasar Senegal, inda al'ada take hana yawan magana da jariri. Wani rahoto na 2017 ya nuna cewa bayan ƙungiyar Tostan ta ilmantar da iyaye mata, tare da haɗin kan shugabannin gari da malaman addini, maganarsu da 'ya'yansu ta ƙaru ƙwarai, bakin yaran kuma ya buɗe fiye da na ƙauyukan da shirin bai kai ba.

YADDA AKE ƘARA WA YARO KALMOMI

Hanya ta farko ita ce kiran kowane abu da sunansa. Ƙasar nan mai yalwar suna ce. Yaron da ke zaune kusa da tafkin Nguru ko fadamun Gashuwa bai kamata ya tsaya ga "kifi" da "tsuntsu" kawai ba, alhali ga tarwaɗa da karfasa da gargaza da ƙurungu, ga shamuwa da balbela da zalɓe da gauraka. A gidan masunci akwai taru da birgi da gora da ƙugiya. A gidan manomi akwai gero da dawa da shinkafa da riɗi, kuma kowannensu yana da sunan kansa a gona, da wani a masussuka, da wani a tukunya. A maimakon "miƙo mini abin can", a ce "miƙo mini ƙaramin ludayin da ke cikin ƙwarya".

Hanya ta biyu ita ce mayar da tambaya hira. A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara uku da ta tarar da kakarta tana shirin miya.

"Kaka, mene ne wannan?"

"Kuɓewa ce, kishiyata, busasshiya. Taɓa ki ji. Ɗanyar da muka tsinko a lambu, wane launi gare ta?"

"Koriya."

"Madalla. To, me ya busar da wannan?"

"Rana."

"Ashe kin fi ni sani. In na daka ta, me za ta zama?"

Cikin minti ɗaya yarinyar ta ji "busasshiya" da "ɗanya" da "launi", ta haɗa dalili da sakamako, miya kuwa ba ta tsaya ba. Da an ce mata "tashi ki ba ni wuri", da duk wannan ya wuce ta.

Hanya ta uku ita ce ƙari a kan abin da yaro ya faɗa. In ya ce "jirgi tafi", ba sai an ce ya yi kuskure ba. A ce masa, "I, kwalekwalen ya tafi ƙetare, ya ɗauki buhunan albasa." Ya ji daidai, ya kuma sami sababbin kalmomi, ba tare da an kunyata shi ba.

Hanya ta huɗu ita ce tatsuniya da kacici-kacici, waɗanda su ne makarantar share fage ta kakanni. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tana koya wa yaro jeranta al'amura, da hasashen abin da zai biyo baya. Mai ba da ita ta riƙa tsayawa tana tambaya: me Gizo zai yi yanzu? Da kai ne fa? Kashegari a sa yaron ya maimaita wa ƙanensa. Kacici-kacici kuwa, irin su "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", yana tilasta wa yaro ya kwatanta abu da abu kafin ya gano tsintsiya ake nufi. Kowace ƙabila ta yankin tana da nata, sai a ba da su da harshen da aka gaje su.

Akwai al'adu biyu da suke bukatar a yi musu kyakkyawar fahimta. Ta farko ita ce kunyar ɗan fari, wadda takan hana uwa kiran sunansa ko wasa da shi a gaban mutane, musamman a gidajen Hausawa da Fulani. Ba a ce a watsar da kunya ba. Amma wajibi ne a tabbata ɗan fari bai tashi cikin shiru ba: kaka da goggo da kawu su cike gurbin a tsakar gida, uwa kuma ta yi hira da shi a cikin ɗakinta. Ta biyu ita ce koyarwar cewa yaro ba ya sa baki a maganar manya. Wannan ladabi ne mai kyau a inda ya dace, amma sai a keɓe wa yaro nasa lokacin da zai yi magana a saurare shi. Hausawa da kansu sun ce matambayi ba ya ɓata.

YADDA AKE KOYA WA YARO WARWARE MATSALA

Dabara ba a zuba wa yaro ita kamar ruwa a tulu. Takan samu ne idan ya gamu da wata 'yar matsala daidai ƙarfinsa, aka bar shi ya yi fama da ita, babba yana kusa. Wani masanin Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya bayyana cewa koyo ya fi kankama a kan abin da yaro ba zai iya shi kaɗai ba, amma zai iya da ɗan taimako. Aikin babba shi ne ya ba da wannan ɗan taimako, kada ya wuce shi.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara biyar da ya ƙera motar kara, ya yi mata ƙafafu da sakaina, amma ƙafa ɗaya tana ta fita. Ya kawo wa mahaifinsa yana ɓata rai. Uban yana iya gyara ta cikin ƙiftawar ido, amma sai ya ce:

"Duba da kyau. Me ya bambanta wannan ƙafa da sauran?"

"Raminta ya fi faɗi, Baba."

"To, me za a yi?"

"A sa ƙaya a tare ta."

"Gwada mu gani."

In ƙayar ta karye, sai a sake shawara, ko a naɗa zare, ko a fafe wata sakainar. Abin da yaron ya koya ya wuce gyaran mota. Ya bi matakai huɗu da kowane mai sana'a yake bi:

1. Ya dubi matsalar da kyau.
2. Ya faɗe ta da bakinsa.
3. Ya kawo shawara ya gwada.
4. Ya duba sakamako, in bai yi ba ya sake wata.

Mataki na biyu shi ne inda kalmomi da dabara suke haɗuwa, don kuwa matsalar da aka iya faɗa an kama hanyar maganinta.

Irin wannan dama tana ko'ina a gida. A ba yara uku aduwa bakwai a ce su raba, a ji yadda za su yi da guda ɗayan da ta rage. A cakuɗa wake da gyaɗa da ƙodago a ce ɗan shekara uku ya ware su. A zuba ruwa a kwano, a kawo kara da tsakuwa da murfin kwalba da ɗan yumɓu, a tambayi yaro wanne zai nutse kafin a jefa, sa'an nan a ce ya mulmula yumɓun yadda zai yi iyo kamar kwalekwale. A yi wannan a gida, kada a tura ƙananan yara bakin kogi ko kududdufi, saboda haɗarin nutsewa da cutar tsargiya. Saƙar kaba, da 'yar carafke, da dara mai sauƙi, da ginin ƙasa, duk suna horar da ido da hannu da lissafi. Waɗanda suka kusa shekara shida ana iya ba su tsohuwar wasa ƙwaƙwalwar nan ta mai fito da zai ƙetarar da kura da akuya da damin harawa ɗaya bayan ɗaya, a wakilta kowanne da dutse ko kara domin su gwada da hannu.

Rigimar yara ma fagen koyo ce. Idan biyu suna jayayya a kan 'yartsana, a sa kowa ya faɗi abin da yake so, a tambaye su yadda za a yi kowa ya samu. Yarinya da yaro daidai suke a wannan bukata, kada a bar wa maza ƙere-ƙere a bar wa mata reno kaɗai. Yayyen da ke goyon ƙannensu kuwa a koya musu su riƙa yi musu magana, domin su ne suka fi kowa daɗewa tare da su.

AIKIN MALAMIN AJIN SHARE FAGE

Gashuwa tana da Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman mai horar da malamai, da Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a 2013. Ga masu fitowa daga irin waɗannan wurare da aka damƙa wa ƙananan yara, ga abubuwan kiyayewa:

1. Kada yini ya ƙare a rera baƙaƙe da lambobi da baki kawai. Yaron da ya haddace ɗaya zuwa ɗari amma bai iya ƙirga tsakuwa biyar ba, bai san biyar ba tukuna.
2. A ba da labari kowace rana, a ciro kalmomi biyu ko uku daga ciki, a yi ta amfani da su har mako ya ƙare.
3. A fi yawaita tambayar "yaya" da "don me" a kan wadda amsarta i ko a'a ce, a kuma ba yaro lokaci ya yi tunani kafin a wuce ga wani.
4. Inda yara suka fi 25, kamar yadda yakan faru, a kasa su ƙungiya-ƙungiya, kowace da aikinta: yashi, yumɓu, murafun kwalba, kwalaye, kara.
5. Kada a hori yaro don ya yi magana da harshen gidansu. A karɓi amsarsa, sa'an nan a ba shi kalmar da harshen aji. A gayyaci wata dattijuwa ta unguwa ta zo ta yi tatsuniya.
6. Kada a tilasta wa ɗan shekara uku rubutu a littafi. Zane a yashi da mulmula yumɓu su ne suke shirya yatsunsa.

Makarantar allo tana horar da kunne da hadda da natsuwa, waɗanda duk suna da amfani a aji. Ita da ajin share fage ba kishiyoyi ba ne.

ABUBUWAN DA KE KAWO CIKAS

Na farko shi ne ciwo. Yaron da ba ya ji sosai ba zai koyi magana sosai ba. Ƙyanda da sanƙarau da kunne mai zubar da ruwa suna iya rage ji ko su kashe shi, kuma yankin nan yana cikin ƙasashen da sanƙarau yakan ɓulla da bazara. A kai yara rigakafi a kan kari. Idan jariri ba ya juyawa ga ƙara, ko yaro ya cika shekara biyu bai soma haɗa kalmomi ba, ko ya daina faɗin abin da ya saba faɗi, a kai shi asibiti, kada a tsaya jiran bakinsa ya buɗe da kansa.

Na biyu shi ne abinci. Nonon uwa zalla har wata shida, daga nan a ƙara da kunu mai gyaɗa ko wake, da kifi da ƙwai da ganye irin su zogale, da gishiri mai sinadarin aidin. Yaro mai jin yunwa ba ya wasa, wanda ba ya wasa kuwa ba ya koyo.

Na uku shi ne tsawa da duka. Yaron da ake bugu don ya yi kuskure yakan daina gwadawa, ya gane cewa shiru ya fi masa lafiya.

Na huɗu shi ne wayar hannu da talabijin. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gabansu, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada su wuce awa ɗaya a yini. Waya tana magana, amma ba ta sauraren yaro balle ta mayar masa da amsa.

KAMMALAWA

Magini yakan yi wa bango zane tun laka tana ɗanya, don in ta bushe sai dai a kankare. Shi ya sa aka ce tun ran gini ran zane. Ana kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai da shugabannin mata, daga Nguru zuwa Jajimaji har Gashuwa da ƙauyukan da ke kewaye, su isar da wannan bayani a wuraren suna da ɗaurin aure da taron iyayen yara. Duk inda makarantar firamare take da ajin share fage, a kai yaro da zarar ya cika shekara biyar, mace ko namiji. Inda babu, a nemi bayani daga ofishin ilmi na ƙaramar hukuma.

Abin da ake bukata daga kowane gida bai fi ƙarfin kowa ba: a amsa tambayar yaro, a kira masa abubuwa da sunansu, a bar shi ya gwada kafin a karɓa, a kuma shimfiɗa tabarma bayan sallar lisha a yi masa tatsuniya guda. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya yin dukkan waɗannan, da harshen da ita ma aka rene ta da shi.